Neman kalmar Hausa: ɓurɓushin nano na azurfa da nasonsa cikin madara

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa masu aikin fassara. Makon jiya na kawo muku kalmomin Turanci biyu da suka tsaya mini a wani aiki da ya shafi binciken madarar da ake ajiyewa a mazuban roba masu azurfa, wato nanoparticles da migration. Na karanta shawarwarinku duka, na kuma gwada kowacce a cikin jimla. Ga inda na tsaya da dalilaina, domin mai gyara ya gyara tun yanzu, tunda kalmar da ta riga ta fita a rediyo da wuya a janye ta daga bakin mutane.

Sai mun san abin kafin mu raɗa masa suna. Nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan ɗaya na mita, kuma abin da masana suke kira nanoparticle shi ne duk ɗan gutsuren da girmansa ya kama daga nanomita 1 zuwa 100. Kaurin silin gashin mutum ya kai wajen nanomita 80,000, saboda haka ko madubin ƙara girma na ɗakin gwajin makaranta ba ya nuna irin wannan gutsure. Masu yin robobin ajiye abinci suna cuɗa azurfa mai wannan ƙanƙanta a cikin roba ne don azurfa tana kashe ƙwayoyin cuta, kuma gwargwadon yadda aka ƙanƙanta ta, gwargwadon yawan fuskarta da ke haɗuwa da iska da danshi, shi ya sa 'yar kaɗan take yin aikin mai yawa.

Shawarar da ta fi samun goyon baya ita ce ƙwayar zarra, kuma na fahimci dalili, domin babu abin da kunnen Bahaushe ya sani da ƙanƙanta kamar zarra. Amma ban karɓe ta ba, saboda mun riga mun ba ta aiki: ƙwayar zarra ita ce atom a littattafan kimiyya da labaran nukiliya. Gutsuren azurfa guda mai faɗin nanomita 20 yana ɗauke da ƙwayoyin zarra kusan 250,000. Idan muka kira su da suna ɗaya, mun haɗa gari guda da mutum ɗaya na cikinsa, kuma ranar da ɗalibi zai buƙaci ya bambanta su, kalmar za ta ba shi kunya.

Ƙananan ƙwayoyi ma na ajiye ta. Ƙwaya ta yi wa kanta kaya da yawa, ga ta magani, ga ta maye, ga ta cuta. Na karanta wa wata dattijuwa a gidanmu jimlar da ke cewa an sami ƙananan ƙwayoyin azurfa a cikin madara, sai ta tambaye ni ko wata sabuwar cuta ce ta kama shanu. Wannan tambayar kaɗai ta ishe ni hujja. Wani malami ya tuna mana cewa asalin nano daga kalmar Girkanci ce mai ma'anar wada, ya ce mu ce wadan azurfa. Tarihin da ya kawo daidai ne, sai dai wada mutum ne da ake gani, ba kuma ma'auni ba ne, alhali nano tun shekarar 1960 aka shigar da ita cikin tsarin ma'aunai na duniya tare da adadinta tabbatacce. Kamar yadda muka ari kilo da mita ba tare da mun tono asalinsu ba, haka ya dace mu ari nano yadda take, ga ta da sauƙin faɗa a harshenmu.

Abin da na zaɓa shi ne ɓurɓushin nano, na azurfa kuma ɓurɓushin nano na azurfa. An yi mini ƙorafi cewa ɓurɓushi abu ne da ido ke gani, kamar na burodi a kan tabarma, kuma ragowar abin da ya farfashe ne, alhali wannan da gangan ake ƙera shi. Ƙorafin yana da ƙarfi. Amsata ita ce ɓurɓushi ya ba mu abubuwa biyu da muke nema, wato abu daskararre da kuma tarin 'yan gutsattsari masu zaman kansu, nano kuwa ita ke faɗin girman. Ƙura tana jawo tunanin iska da datti, gari kuma yana jawo tunanin abin da aka niƙa aka tara a kwano. Idan ana nufin guda ɗaya sai a ce ɗan ɓurɓushi guda.

Kalma ta biyu, migration, wato shigar azurfa daga jikin roba zuwa cikin abinci, ta fi ba ni wahala, ita ce kuma na fi so mu dube ta da kyau. Ƙamus zai ba mu ƙaura ko hijira, amma waɗannan na masu rai ne da suka yi niyyar tashi. Yoyo yana nuna mazubin ya huje, kuma wannan kuskure ne mai haɗari, domin mai saye zai duba robarsa ya ga ba ta tsage ba, ya ɗauka babu abin da ya shiga abincinsa. An kawo zuba, irin ta atamfa idan an jiƙa ta, kuma ta yi kusa ƙwarai, sai dai zuba ana ganinta da ido a ruwan wanki, ga shi kalmar tana rikicewa da zuba madara a kofi, a cikin jimlar da dama maganar madara ake yi.

Naso nake ganin ya dace. Duk wanda ya taɓa sayen ƙosai da safe aka naɗe masa a takarda ya ga yadda mai yake bin jikin takardar sannu a hankali har ta yi haske, ba tare da ta yage ko ta huje ba. Haka danshi yake naso a jikin katangar ƙasa da damina. Abu ne da ke ratsawa daga wani jiki zuwa wani saboda sun daɗe a manne, zafi yana ƙara masa sauri, tsawon lokaci yana ƙara masa yawa, kuma waɗannan su ne ainihin abubuwan da masu binciken mazuban abinci suke aunawa. Wani zai ce a misalin ƙosai daga abinci nason yake tafiya zuwa takarda, a nan kuwa daga roba yake tafiya zuwa abinci. Kalmar ba ta ɗaure da alkibla ba, mu ne za mu ce naso daga mazubi zuwa abinci. Da ita za mu iya fassara dokokin ma ba tare da kame-kame ba. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 10/2011 kan robobin da ke taɓa abinci ta hana amfani da sinadari a siffar nano sai an ba da izininsa a fili, kuma hukumar lafiyar abinci ta Tarayyar, EFSA, tana aiki da iyakar naso ta mikirogiram 50 (mikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan ɗaya na giram) na azurfa a kowane kilo na abinci. A 2014 hukumar kare muhalli ta Amurka ta dakatar da sayar da wasu robobin ajiye abinci masu ɓurɓushin nano na azurfa saboda ba a yi musu rajista ba.

Akwai wani bambanci da dole Hausarmu ta iya riƙewa, in ba haka ba fassarar binciken za ta zama ƙarya. Azurfar da ke naso iri biyu ce: wadda ta fito a ɓurɓushinta, da wadda ta narke ta shiga abinci a matsayin ayon, wato ƙwayar zarra mai ɗauke da cajin lantarki. Bincike da yawa sun nuna cewa idan ɓurɓushin yana binne cikin jikin roba, galibin abin da ke fitowa narkakkiyar azurfa ce, ɓurɓushin da ke fita kuwa yawanci na saman fuskar robar ne ko na inda ta goge. Na'urar da aka fi dogara da ita wajen rarrabe su, wadda ake taƙaita sunanta da ICP-MS, tana fesa ruwan gwajin cikin wutar iskar argon mai zafin da ya haura digiri 6,000, sai narkakkiyar azurfa ta bayyana a matsayin layi shimfiɗaɗɗe, kowane ɗan ɓurɓushi kuma ya yi tsalle guda a kan layin. Yawan tsallen shi ne yawan ɓurɓushin, tsawon kowanne kuma shi ke nuna girmansa. Madara tana wahalar da wannan aiki, domin ita kanta cike take da dunƙulen furotin na kasin masu girman da ya yi kusa da na ɓurɓushin, ga maiƙo, ga gishiri da sinadarin sulfa da ke kama azurfa su sauya mata kama, shi ya sa ake fara narkar da furotin ɗin kafin a kai ga na'ura. Saboda haka ina roƙon mu raba ganowa da aunawa: ganowa ita ce tabbatar da cewa akwai ɓurɓushin, aunawa ita ce faɗin yawansa da girmansa.

Turanci yana kiran madara da nono da kalma kusan ɗaya, mu kuwa mun raba su, kuma a nan rabuwar tana da amfani na zahiri. Tsami yana ƙara narkar da azurfa, dokar Turai kuma ta ce a gwada mazubin madara da ruwan sinadarin etanol kashi 50 cikin ɗari a madadin madarar, na madarar da ta yi tsami kuma a ƙara da asid ɗin asetik, wanda ke ba ruwan khal tsaminsa, kashi 3 cikin ɗari. Sakamakon da aka samu a kan madara ba za a ɗora shi a kan nono ko kindirmo ba, kuma mai fassara da ya musanya kalmomin ya canza sakamakon binciken da hannunsa.

Jimlar da ta tsaya mini tun farko yanzu ta koma haka: masu bincike sun gano ɓurɓushin nano na azurfa a cikin madara, sun kuma auna nason narkakkiyar azurfa daga mazubin roba bayan an ajiye shi a wuri mai ɗumi. Ina roƙon 'yan uwanmu na Maradi da Damagaram su karanta ta a gaban mutanen gida, su faɗa mana ko naso yana ɗaukar wannan ma'ana a wajensu kamar yadda yake ɗauka a Kano da Zariya.