Taswirar waya ta jefa filina kan gidan wani, wa zan gaskata?

Mai Albasa, Mile 12:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sanin harkar filaye a Legas ku taimaka mini, kaina ya ɗaure.

Sana'ar albasa nake yi a Mile 12. Kuɗin haya a Ketu kullum gaba yake yi, ga iyali suna ƙaruwa, shi ne na ce bari in mallaki ko da fuloti ɗaya ne. Wani dillali ya kai ni bayan Ikorodu, ta hanyar Imota, ya nuna mini fili na wasu dangin Yarbawa. Wurin ya kwanta mini, musamman da yake an daɗe ana maganar mayar da kasuwarmu can. Aka ce fuloti cikakke ne, ƙafa 60 a 120, naira miliyan 6. Na ba da kafin alƙalami dubu 500 a gaban shaidu biyu, sauran kuɗin zuwa ƙarshen wata.

Sun ba ni kwafin takardar safiyo. Babban ɗana ya ɗauki lambobin da ke jikinta ya saka a wata manhajar taswira, sai ga fili ya faɗa kan rufin wani gida can gaba, gefensa ma a kan titi. Na kira dillalin, ya ce in rabu da shirmen yara. Ya turo mini ɗigon Google Maps ta WhatsApp, ya ce ga filinka nan, kuma wai yanzu gwamnatin Legas ta zuba duk filaye a kwamfuta, ba mai iya cutar wani.

Abu na biyu, a takardar murabba'in mita 540 aka rubuta. Dutsen safiyo kuma biyu kawai na gani a ƙasa. Inda sauran biyun ya kamata su kasance, katangar maƙwabci ce a tsaye. Takardar ce ta bogi, ko wayar ce ke ƙarya? In cika kuɗin ko in janye?

Baban Amira, Agege:

Wa alaikumus salam. Alhaji, ko sisi kada ka ƙara sai an warware maka wannan. In fili na gaskiya ne ba zai gudu ba. Dillali la'adarsa yake hange.

Safiyo, Ikeja:

Alhaji, aikina ke nan, bari in yi maka bayani a tsanake. Abin da yaronka ya gani bai isa ya nuna takardar bogi ce ba, bai kuma wanke ta ba.

Ɗauko takardar ka duba. Za ka ga lambobi iri biyu, kowanne mai lamba shida kafin ɗigo, ɗaya da mN a ƙarshe ɗaya da mE. A yankin Ikorodu na farkon da 7 yake farawa, na biyun da 5. Za ka kuma ga an rubuta UTM Zone 31, shi ne sashen da Legas ta faɗa. To takardun safiyo na Najeriya an saba auna su ne da tsohon ma'aunin ƙasa da tushensa yake kusa da Minna, ita kuwa waya da ma'aunin duniya na tauraron ɗan Adam take aiki, wanda ake kira WGS84. In ka ɗauki lambar wancan ka zuba a wannan ba tare da ka juya ta ba, fili zai iya gocewa da mita 100 ko fiye. Fulotin da faɗinsa bai wuce mita 18 ba, ka ga ya tsallake gida biyar ke nan. Ina kyautata zaton abin da ya faru da yaronka ke nan. Ka ce masa ya duba saitin manhajar, in akwai inda ake zaɓar Minna ya zaɓa ya sake gwadawa.

Amma ɗigon da dillali ya turo maka ba hujja ba ne ko kaɗan. Kowa zai iya danna yatsa a taswira ya tura. Ko a tsakiyar filin ka tsaya, waya tana iya kuskure da mita biyar ko fiye, kuma Google Maps hoto ne daga sama, ba rajistar masu filaye ba. Yana nuna maka rufin kwano da bishiya, ba ya nuna inda haƙƙin wani ya ƙare na wani ya fara.

Abin da ya fi damuna a bayaninka shi ne 540 ɗin nan. Ƙafa 60 a 120 murabba'in mita 669 ne, mu kan lissafa shi 648 in an auna mita 18 a 36. Ko ta ina ka biyo, sama da murabba'in mita 100 sun yi ɓatan dabo, kuma ana neman ka biya kuɗinsu. Ko dai tun asali fulotin bai cika ba, ko kuwa katangar nan ta ci wani abu aka sake aunawa aka yi shiru.

Ga abin da za ka yi. Nemi safiyo naka na kanka, ba wanda dillali ko masu fili za su kawo ba, mai rajista da SURCON, hukumar da ke yi wa safiyo rajista a Najeriya. Ya je wurin da na'urarsa ya ɗauki lambobin kusurwa huɗu da kansa, ya gwada da na takarda. Daga nan a kai lambobin ofishin Babban Safiyo na jiha a Alausa, a ɗora su kan taswirar gwamnati. Nan ne za a faɗa maka a rubuce ko filin yana cikin ƙasar da gwamnati ta karɓe, ko an riga an tsara masa wani aiki, ko kuwa ba komai a kansa. A kuma duba ko safiyon da ya zana takardar ya ajiye kwafinta a ofishin, don takardar da ba a ajiye kwafinta ba ba za ta yi maka amfani ba ranar neman C of O, wato takardar shaidar riƙon fili da gwamna ke bayarwa. Duba jikinta ma: akwai lambar takarda, da sa hannu da hatimin safiyo, da lambar kowane dutse, an kuma zagaye filin da jan layi?

Hajiya, Idi-Araba:

Ɗana, ka ji maganar Malam Safiyo ka riƙe. Ƙanwata da mijinta sun sayi fili ta wajen Legas haka, da rasit da shaidu da goro da komai. Sun tara kuɗin da adashi, suka yi fandisho, gini ya kai taga. Wata safiya suka tarar da jan fenti a jikin bulo, an zana gicciye an rubuta kwanan wata. Ashe tun kafin a haifi wanda ya sayar musu gwamnati ta karɓe wurin. Har yau bulon na nan ciyawa ta rufe, ita kuma tana ɗaki ɗaya da yara biyar. Kuɗin binciken da suka ga ya yi yawa bai kai na buhunan simintin da suka binne ba. In na tuna har yanzu zuciyata zafi take.

Mai Albasa, Mile 12:

Allah ya mayar musu da alheri, Hajiya. Malam Safiyo na gode ƙwarai. To maganar kwamfutar fa, ƙarya ya yi mini?

Safiyo, Ikeja:

Da gaskiya a ciki, amma ya ja ta ta wuce inda take. Gwamna Sanwo-Olu ya ƙaddamar da tsarin e-GIS a farkon 2024, don a riƙa neman takardun fili da bincike ta intanet. Ba Legas ce ta fara ba, Abuja ta kafa AGIS tun 2003, Kaduna na da KADGIS, Kano na da KANGIS. Yadda abin yake, kowane fili da aka yi wa rajista ana zana shi a taswirar kwamfuta da kusurwoyinsa, a liƙa masa lambar fayil da sunan mai shi. In wani ya kawo takarda ta hau kan filin da aka riga aka zana, nan take za a ga layi ya hau layi. Wannan ci gaba ne babba, ni da na san zamanin jan fayil mai ƙura daga kanta ina yaba shi.

Sai dai kwamfuta abin da aka ba ta kawai ta sani. Filayen dangi da yawa a bayan gari ba a taɓa yi musu rajista ba, daga hannu zuwa hannu suke yawo da rasit. Irin wannan in an sayar wa mutum uku, taswira ba za ta faɗa maka ba, tunda a cikin ukun ba wanda ya kai takardarsa. Za ta gaya maka matsayin filin a wurin gwamnati. Waye a dangin yake da ikon sayarwa, wannan sai ka taka da ƙafarka ka yi tambaya a unguwa.

Ɗan Kurmi:

Ni fa ban ga dalilin wannan wahala ba. Miliyan 6 ka kai gida ka sayi fili a cikin danginka, inda mai unguwa ya san kakanka. Legas wurin nema ne, ba wurin binne dukiya ba.

Baban Amira, Agege:

Haba Ɗan Kurmi. Hausawa sun fi shekara ɗari a Agege, da gidajensu da masallatansu da maƙabartarsu. Mutum 'ya'yansa a nan suke makaranta, kasuwarsa a nan, ka ce ya yi ta biyan haya har tsufa? Kuma a Kanon ma ba a sayar da fili ɗaya wa mutum biyu? Shawara ya nema kan wannan filin.

Lauya, Obalende:

Ranka ya daɗe, bari in ɗora a kan na Malam Safiyo ta fuskar doka.

Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, zamanin mulkin soja na Obasanjo, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Abin da kake saya izinin zama ne, C of O ma yawanci shekara 99 ake rubutawa. A Legas gwamnati ta karɓe manyan yankuna tun da daɗewa, daga baya ta riƙa yanke wa ƙauyuka wani ɓangare tana mayar musu, a buga a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati. Don haka in dangin nan suka ce an mayar musu da ƙasarsu, ka ce su ba ka lambar gazet ɗin. Kuma kada sunan ƙauyen a gazet ya ishe ka. Abin da aka mayar yana da iyaka da lambobinsa, sau da yawa sai a sayar wa mutum fili a wajen layin ana nuna masa takardar cikin layi. Safiyonka ne zai tabbatar kusurwoyinka huɗu duk suna ciki. Ka tuna ana shirin gada ta huɗu da za ta taso daga Ajah ta ɓullo ta Ikorodu, duk filin da aka tsara wa titi ko wani aikin gwamnati ba a samun takardarsa.

Na biyu, filin dangi ba mutum ɗaya ke sayar da shi ba. Sai shugaban dangi da manyan gidan sun sa hannu tare. In wasu suka sayar ba shugaban, cinikin bai yiwu ba tun farko. In shugaban ya sayar da sunan dangi bai tuntuɓi manyan ba, suna iya zuwa kotu a rushe. Rasit kaɗai ba ya wadatarwa, a rubuta takardar miƙa mallaka, a liƙa mata takardar safiyo da sunanka, sannan a bi matakin amincewar gwamna da rajista.

Batun Omo-Onile, wato masu iƙirarin su ne 'ya'yan masu ƙasa, masu zuwa karɓar kuɗin fandisho da na rufi, akwai dokar kare kadarori da Ambode, gwamnan Legas na lokacin, ya sa wa hannu a 2016, ta haramta ƙwace fili da ƙarfi da sayar da abin da ba naka ba. Amma gara ka sa a rubuta a yarjejeniya cewa kuɗin da ka biya ya haɗa komai.

Rasit ɗin dubu 500 ɗinka, me aka rubuta a kai? In ba a ambaci mayar da kuɗi ba, ka je da shaidunka yanzu a ƙara layi ɗaya: in bincike ya nuna matsala, za a dawo maka da kuɗinka. Wanda ya ƙi sa hannu a wannan ya ba ka amsa.

Direban Tirela:

A ƙara da wannan, ku tabbatar ma a Legas filin yake. Ina bin hanyar Ikorodu zuwa Shagamu kullum, Ogijo jihar Ogun ce amma dillalai Ikorodu suke ce wa mutane. In a Ogun ya faɗa, Abeokuta za ka nufa da takardunka, ba Alausa ba.

Malamin Islamiyya, Agege:

Alhaji, ina jiye maka maganar katangar nan tun kafin ka zama maƙwabcinsa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi mai tsanani kan wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasar wani, ya kuma la'anci mai canza alamar iyaka. Wannan ya hau kan mai katanga in shi ya shigo, ya kuma hau kanka in ka sa aka kafa dutse a inda ba naka ba. Ka je ka yi masa sallama tun yanzu, ka ce kai ne mai niyyar saye, ka roƙe shi ya fito da tasa takardar ranar awo. Wataƙila shi ma haka aka nuna masa ya gina. Kuma ba mamaki ya san tarihin filin fiye da dillalin.

Mai Albasa, Mile 12:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Yaron ya canza saitin zuwa Minna, fili ya dawo kusa da inda aka nuna mini, hankalina ya ɗan kwanta. Rasit ɗin ba maganar mayar da kuɗi, gobe in sha Allahu zan je da shaiduna. A Legas yake, Direba, ƙaramar hukumar Ikorodu aka rubuta. Malam Safiyo, in awo ya nuna 540 ɗin ne gaskiya kuma gwamnati ba ta da komai a kai, in saya?

Safiyo, Ikeja:

Abin da aka rubuta a takarda daban, inda lambobi suka faɗa daban, bari Alausa ta tabbatar maka da jihar ma. In komai ya fito lafiya, 540 ya ishi gida mai kyau, ya ma fi fulotin 50 a 100 da muka saba da shi a Arewa. Amma a sake ciniki a kan mita 540, ba a kan fuloti cikakke ba, a kuma rubuta adadin a takardar miƙa mallaka.

Ranar awo ka je da kanka, kada ka aika yaro. A kira wakilin dangi da maƙwabcin. Duwatsu biyun da kake gani, ka share ƙasar kansu ka karanta lambar da aka zana a simintin, ka gwada da ta takarda harafi da harafi. In ba su zo ɗaya ba, takardar wani filin aka ba ka. In sun zo ɗaya, safiyonka zai auna daga su ya gano inda biyun da suka ɓace suke, ko a gindin katangar ko a cikin gidan mutumin. Sabuwar takardar a yi ta da sunanka kamar yadda yake a katin ɗan ƙasa, ka kuma karɓi shaidar cewa an ajiye kwafinta a ofishin Babban Safiyo kafin ka sallame shi.