Neman shawara: ina zan kai yara su ga giwa a Siri Lanka?

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Maigida zai halarci wani taro a Kolombo a ƙarshen watan Agusta, ya ce mu bi shi da yara, kuma bayan taron za mu samu kwana huɗu. Yaran shekararsu tara. Tun da suka ji labarin tafiyar ba su da zance sai giwa, Hassana ma ta kafe sai ta hau. Abin da ya dame ni, na ga wani bidiyo: giwa da sarƙa a ƙafa, mutum yana tsikarinta da sanda mai ƙugiya, baƙi a bayanta suna ɗaukar hoto. Wallahi raina bai kwanta ba. Ba na so kuɗina ya shiga cikin azabar dabba, kuma ba na so yara su dawo ba su ga komai ba. Wanda ya taɓa zuwa ya taimaka da shawara.

Baban Yara:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kin yi sa'ar wata, domin Agusta da Satumba ne lokacin taron giwaye a gandun dajin Minneriya. Akwai wani babban tafki a wurin da Sarki Mahasen ya gina tun ƙarni na 3. Idan rani ya tsananta ruwan sai ya ja baya, ɗanyar ciyawa ta tsiro a inda ya janye, giwayen dazuzzukan kewaye su yi ta gangarowa, wani yammacin har su haura 200. Ba wanda ya ɗaure su, ba wanda ya kira su. Na zauna a cikin mota ina kallon jariri yana tuntuɓe da hancinsa a tsakanin ƙafafun iyaye mata, har na manta da waya a hannuna.

Ku kwana a Habarana ko Sigiriya, tafiyar awa 4 zuwa 5 ce daga Kolombo. Ku shiga bayan azahar, sai rana ta yi sanyi suke fitowa daga inuwa. Kafin ku biya, ki sa maigida ya tambaya ko garken yana Minneriya ko ya koma Kaudulla, don suna kai-komo tsakanin dazukan biyu. Abu ɗaya da ya ɓata mini rai shi ne yawan motoci. Wasu direbobi sukan yi wa garke zobe don baƙonsu ya samu hoto. Ku faɗa wa naku tun a ƙofa cewa ya tsaya nesa, ya kashe inji, kada ya shiga tsakanin uwa da ɗanta.

Ki kuma shirya yara kada su sa ran haure. Giwar Asiya mace ba ta da hauren da ake gani, kuma a Siri Lanka ko cikin mazan ƙalilan ne masu shi. Kunnenta ma bai kai na giwar Afirka ba.

Antin Marayu:
'Yar uwa, in ƙanana yaran ke so su gani, ki tafi Udawalawe a kudu. A gefen gandun akwai gidan renon marayun giwaye da hukumar kula da namun daji ta buɗe a 1995. Ana shayar da su madara har su kai wajen shekara 5, sannan a sake su daji. Saboda haka ne ba a barin kowa ya taɓa su. Kuna kan dakali daga nesa za ku ga sun rugo a guje suna kuka don madara. Da farko ɗana ya yi fushi da aka hana shi matsawa. Na ce masa giwar da ta saba da hannun mutum, in ta girma gonar mutane za ta nufa, ƙarshenta a harbe ta. Shiru ya yi. Gandun kansa kuma ana ganin giwa a cikinsa kowane wata na shekara.

Za a yi ta ambata miki gidan giwaye na Pinnawala don ya fi kusa da Kolombo. Tun 1975 yake, ana kora garken zuwa kogin Maha Oya su yi wanka, amma giwayen can a hannun mutane suke rayuwa. Ki san bambancin kafin ki zaɓa.

Ɗan Kasuwar Bankok:
Hajiya, don Allah kada ki bar Hassana ta hau giwa. Ni na hau a Tailan, a wani sansani, mu biyu a kan kujerar ƙarfe. Da muka sauka aka cire shimfiɗa na ga gyambo a gadon bayanta inda kujerar ke gurza. Har yau abin yana cina. Daga baya na ji yadda ake horar da da yawa daga cikinsu: a raba ɗa da uwa tun yana ƙarami, a ƙuntata shi, a yi ta duka har ya daina gardama.

Likitan Dabbobi:
Alhaji ya faɗi gaskiya, amma bari in ƙara wani abu don kada mu yi wa masu kiwon giwa kuɗin goro. A 1989 Tailan ta hana sare itatuwa a dazukanta, giwayen da ke jan gungume suka rasa aiki tare da masu su. Babbar giwa tana iya cin kilo 150 na ganye a rana, kuma wadda ta tashi a hannun mutum ba kasafai take iya komawa daji ba. Dole wani ya ciyar da ita, kuɗin baƙi ne ke yin hakan. Ni abin da nake dubawa shi ne me ake sa ta yi kafin ta ci. In ana hawa, ko tana zane da hanci, ko baƙi suna layi suna wanke ta tun safe har yamma, na juya. In kuwa tana yawo da 'yan uwanta, akwai inuwa da ruwa, mutane suna kallo daga gefe, zan biya da zuciya ɗaya. Kuma kalmar "mafaka" a kan allo ba shaida ba ce, kowa na iya rubutawa.

Maman 'Yan Biyu:
Allah ya saka muku da alheri. Na nuna wa Hassana amsar Alhaji, ta ce ta fasa hawa. Mun tsayar da Minneriya, in lokaci ya ba mu dama mu gangara Udawalawe. Tambaya ɗaya: an ce akwai hanyar da giwa ke tare motoci ana miƙa mata ayaba. Za mu iya ba ta?

Likitan Dabbobi:
A'a Hajiya. Hanyar Buttala zuwa Kataragama ake nufi, kuma giwayen daji ne da aka koya wa roƙo. Wanda bai samu ba yakan zura hanci cikin mota ya lalubo da kansa. Ku ɗaga gilashi, ku bar abinci a cikin jaka a rufe, direba ya jira har ta ba da hanya. In kuma kuka ga toron giwa shi kaɗai, wani ruwa yana tsiyaya tsakanin idonsa da kunnensa, lokacin zafin ransa ne, ku ja baya sosai, kada kowa ya leƙo da kai.