Neman Hausar "coup de cœur": mowa, santi, ko me?

Mai Shago, Garwa:
Assalamu alaikum. Jama'a, akwai maganar da nake so mu kashe yau. Duk ƙarshen wata kowa yakan kawo abin da ya karanta ya faɗi yadda ya ji da shi, da Hausa tsantsa, amma kan maganar kullum sai ya fito da Faransanci: coup de cœur. Har waɗanda ba su taɓa zama a bencin lekol ba sun ɗauka, ina ganin ana rubuta "kudakar". Ni ma shi nake rubutawa a 'yar takarda in maƙala a jikin littafi, irin yadda manyan shagunan Yawunde da Duwala ke yi.

Ga wanda bai san shi ba, ana nufin littafin da ya faɗo maka a rai ba shiri, ko da bai fi sauran kyau ba, ko da ba wanda ya taɓa ba shi lambar yabo. Mu nan kuma mun faɗaɗa shi, har 'yar maganar da mutum ke yi a kan littafin da shi muke kiranta. Sharaɗina biyu ne. Kalmar ta zama gajeriya, don takardar ba ta kai tafin hannu ba. Sannan ta hau kowane irin littafi, daga labarin soyayya na Kano zuwa tarihin lamiɓe zuwa littafin kiwon kaji.

Ɗaliba, Ngaundere:
Kawu, ai ba wuya. Coup bugu ne, cœur zuciya. Bugun zuciya ke nan, an gama.

Nas, Marwa:
Ƙanwata, rufa mana asiri. Mu a asibiti in aka ce bugun zuciya, ko dai awo ake yi, ko kuma ana faɗin abin da ya yi ajalin wane. Ki rubuta "bugun zuciyata na wannan wata" ki gani, dangi za su fara kira suna yi miki sannu.

Direba, Kusiri:
Ni dai a raba mu da coup ɗin nan gaba ɗaya. Mu da ke kwana mu tashi a bakin iyakar Cadi, in an ce coup ba littafi ke fara zuwa mana a rai ba, juyin mulki ne, rediyo muke lalube.

Ɗaliba, Ngaundere:
To na janye. Sharhi fa? Kowa ya san shi.

Malamin Zaure, Garwa:
'Yata, sharhi yana da nauyinsa. A zaure in aka ce sharhi, ana nufin malami ya ɗauki matani ya bi shi kalma bayan kalma yana warwarewa, kamar yadda Samaruddani ya yi wa Risala ta Ibn Abi Zaidin Ƙairawani. Mai sharhi ba ya cewa "ni dai wurin nan ya sa ni hawaye". Ɓoye kansa yake yi don littafin ya fito. Ku kuwa na lura kanku kuke fitarwa, littafin sanadi ne kawai. Akwai kuma taƙrizi, yabon da malami ke rubutawa a farkon littafin ɗan uwansa, amma shi roƙonsa ake yi, kuma taƙrizi ba ya cewa littafi ya yi tsawo.

Malamar Lise, Marwa:
Allah ya gafarta Malam, ka sosa min inda ke yi min ƙaiƙayi. Jami'o'in Najeriya suna da tasu kalmar, tarke, ga mai auna littafi da ma'auni: jigo, salo, zubi da tsari. Wannan shi ne aikina, shi nake sa yara su yi in ba su maki bisa 20. Abin da Kawu ke nema wani abu ne daban.

Bari in ba da misali daga gida. Littafin Djaïli Amadou Amal, haifaffiyar nan Marwa, Les Impatientes, ya kai cikin huɗun ƙarshe na Goncourt, babbar gasar littattafan Faransanci, a 2020, manyan alƙalai suka ba Hervé Le Tellier. Amma 'yan lise na Faransa, wato ɗaliban sakandare, da ke da tasu Goncourt ɗin, nata suka zaɓa. Na ara wa wata yarinya a ajina shi, yarinyar da ba ta cika wuce 7 bisa 20 ba. Da ta dawo da shi, bangon ya lanƙwashe, akwai ɗigon miya a wani shafi. Na tambaye ta mene ne jigon littafin, ta yi shiru tana murza bakin hijabi. Har na juya, sai ta ce, "Madam, duk inda aka ce munyal a ciki, muryar gwaggota nake ji." Munyal dai shi ne haƙuri da Fillanci, kalmar da ake ta nanata wa matan labarin. Wannan jimla ba ta da gurbi a takardar jarrabawa, ba zan iya ba ta maki ko ɗaya ba. Amma ita muke nema wa suna.

Tsohon Ma'aikacin Jirgi, Ngaundere:
Kuna ta zagaye, alhali Bahaushe ya gama magana tun kaka da kakanni. Mowa da bora. Littafin da ya kwanta maka a rai, mowa. Wanda ka ajiye a shafi na talatin ba ka sake waiwayarsa ba, bora. Lokacin da nake aiki a jirgin dare na Yawunde, jakata ba ta rabuwa da littattafai biyu, kuma kafin mu kai Belabo na san wace ce mowa.

Mai Shago, Garwa:
Baba, wannan ta yi min. Haruffa huɗu, za ta shiga takarda har da sauran fili. "Mowar wata." Har na ɗauko biro.

Uwar Biyu, Garwa:
Ajiye biron tukuna, Alhaji. Baba, da girmanka, amma ku maza ne kalmar ke ba dariya. Wadda aka taɓa kira bora a gidan miji ba za ta shigo shago ta ga an manna wa littafi sunan ba ta ji wani abu ya tsaya mata a wuya ba. Kuma ku duba abin kunya: a ɗauki littafin da Malama ta ambata yanzu, wanda rabin kukansa na kishi ne da auren dole, a liƙa masa "mowa" a goshi?

Ko a bar wannan, ma'anar ma ba ta zauna ba. Ba a mowa sai da bora, dole sai an kayar da wata. Ni kuwa a watan jiya littattafai uku suka kama ni, na girki, da wani labarin 'yan sanda da na saya a poto wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa, da wani dogon labarin Hausa da ake turo mana babi-babi a WhatsApp. Ba wanda ya ture wani.

Ɗaliba, Ngaundere:
Ina bayan Anti. Ga wasu: gwarzo, zakara, ɗan lele, zaɓin rai.

Mai Shago, Garwa:
Gwarzo da zakara na gasa ne, sai an kara. Ɗan lele shagwaɓa ce. Zaɓin rai ba laifi, sai dai zaɓi da niyya ake yinsa, wannan abin kuwa shi ke zaɓenka.

Direba, Kusiri:
Ni ban iya ƙirƙirar kalma ba, amma bari in faɗi abin da ya same ni, ku sa masa suna. Muna layi a gadar Ngeli, motoci sun yi cirko-cirko, ana jiran takardu kafin a tsallaka Njamena. Na kashe inji na ɗauko wani littafin tarihin Rabe da wani fasinja ya manta a mota. Mutumin da ya ci Borno a 1893, ya zauna a Dikwa, sai ga shi ƙarshensa ya zo a garinmu, ranar 22 ga Afrilu 1900. Shi ma Lamy, kwamandan Faransa, a wannan yaƙin ya mutu, aka sa wa birnin da ke tsallaken ruwa sunansa, ya zauna Fort-Lamy har 1973. Na san labarin tun ina yaro, amma ban taɓa karanta shi ina kallon ruwan da idona ba. Ban san lokacin da na buga sitiyari na ce "Kai, Rabe, da ka sani da ba ka yada zango a nan ba!" Yaron motata da ke gyangyaɗi ya zabura ya diro, ya zaci an buɗe hanya.

Hajiya Babba, Marwa:
Ɗana, ai wannan santi ka yi.

Ina ta karanta ku tun ɗazu ina dariya. Santi shi ne maganar da ke kuɓuce wa mutum in daɗin abinci ya ratsa shi. Ba ya shirya ta, ba ya auna ta, wani lokaci ma ba ta da kai ba ta da gindi. Yana cikin cin tuwo sai ka ji ya ce a gaishe da mai daka, ko ya fara yi wa wanda bai tambaye shi ba alkawarin keke. Kuma mai santi bai ce ba a taɓa girki irin wannan a duniya ba. Cewa kawai ya yi shi dai ya ji a jikinsa. Ba shi kuke nema ba?

Malamar Lise, Marwa:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ta ɗauke duka biyun da Kawu ya ce, littafin da maganar. "Littafin nan ya sa ni santi." "Ga santina na wannan wata." Kuma tana tafiya da aikatau ba tare da an tilasta mata ba: yin santi, zuba santi, santi ya kwashe shi. Sauran da muka kawo duk sunaye ne a tsaye.

Nas, Marwa:
Ina da ja guda biyu. Na farko, santi abin tsokana ne, a gidanmu in ka yi shi an dinga yi maka dariya ke nan har a kwashe kwanuka. Na biyu, littafin da ya sa ka kuka fa? Na karanta wani a kan yaran da rikicin Boko Haram ya raba da ƙauyukansu a Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga, na kasa cin abincin dare. In ce na yi santinsa?

Hajiya Babba, Marwa:
Tsokanar ai ita ce amfaninsa, 'yata. Wanda ya ce "ga santina" ya riga ya sauke girman kai, ba wanda zai tambaye shi digirinsa. Yara da yawa suna karatu amma suna tsoron buɗe baki, don suna ganin sai mai Faransanci mai kyau ke magana a kan littafi. Na biyun kuwa kina da gaskiya rabi. Mai cin yaji hawaye yake yi, hanci na zuba, bai fasa santi ba, don haka labarin da aka ƙaga ya sa ki kuka ya shiga. Amma wanda kika faɗa, na mutanen da ke raye suna cikin wahalarsu, ni ma bakina ba zai iya ba. A nan sai ki ce ya taɓa ki, ko ya tsaya miki a rai. Ba dole kalma ɗaya ta ɗauki kayan duniya duka ba.

Malamin Zaure, Garwa:
Na yarda da Hajiya, da togiya ɗaya. Kada in ga an rubuta santin Ahalari ko santin Ishiriniya, balle abin da ya fi su. Littattafan addini muna da kalmarsu tuntuni, fa'ida. "Ga fa'idar da na tsinta a babin kaza." A bar musu ita.

Mai Shago, Garwa:
An karɓa, Allah ya gafarta Malam. Saura kishiyarsa, wato abin da Faransawa ke kira coup de gueule, in littafi ya ci maka kuɗi da lokaci a banza. Tunda bora ta faɗi, me za mu sa?

Uwar Biyu, Garwa:
Alhaji, "kishiya" kuma? Ka ce abokin tafiyarsa. Tsaki mana. Shi ma daga baki yake fita ba a shirya ba.

Tsohon Ma'aikacin Jirgi, Ngaundere:
An kayar da ni, amma tsakin nan ya biya ni. Ni dai a ɗakina mowa zan ci gaba da cewa, ba mai ji.

Mai Shago, Garwa:
To ga yadda za mu yi daga ƙarshen watan nan. Wanda littafi ya kama, ya rubuta "Santi" a sama, sai sunan littafi da irinsa, labari ne ko tarihi ko waƙa ko na sana'a, sannan ya zuba abin da ke bakinsa. Wanda aka ɓata wa rai ya rubuta "Tsaki". Na addini, "Fa'ida". Mai son auna jigo da salo ya rubuta "Tarke", Malama ta duba masa. Sharaɗi ɗaya na ƙara: mai santi kada ya faɗi ƙarshen labari, akwai waɗanda ba su kai ba.

Ɗaliba, Ngaundere:
Kawu, ni ba zan iya jiran ƙarshen wata ba. Tsaki: wani littafin "yadda za ka yi arziki" da na saya jaka uku a tashar jirgi. Shafi 200, kuma shawarar da ke ciki duka ita ce in riƙa tashi da asuba. Marubucin bai san a unguwarmu ladan ya riga shi ba.

Direba, Kusiri:
Ƙanwata, in kin gama tsakin ki aiko min shi ta motar Marwa. Layin Ngeli ba ya zaɓen littafi.