Neman kalma: me za mu kira "regression" a aikin Linux?

Jama'a, a tattaunawar da muke yi ta neman kalmomin Hausa ga aikin kwamfuta, batun "bug", wato kuskure a cikin manhaja, ina ganin mun kusa rufe shi. "Ƙwaro" bin Turanci ne sak, "tangarɗa" ta fi zama a baki. "Patch" kuwa, wato sauyin da ake shigarwa a manhaja don gyara, faci ne, babu gardama. Saura "regression", kuma ita ce mai nauyin.

Ga yadda take a wurin masu gina kernel ɗin Linux, manhajar da ke tsakanin injin kwamfuta da sauran manhajoji. Wi-Fi ɗinka na aiki lafiya lau, ka sabunta, sai ya ɗauke ɗif, alhali ba ka taɓa komai ba. Wani ne ya shigar da faci don gyara wani abu dabam, garin neman gira aka rasa ido. Linus Torvalds, wanda ya fara Linux a 1991, ba ya wasa da wannan. Ƙa'idarsa ita ce abin da ke yi wa mutane aiki jiya, kada sabuntawar yau ta karya shi. In ta karya, sau da yawa janye facin ake yi ɗungurungum, komai amfaninsa.

Shi ya sa "tangarɗa" kaɗai ba ta wadatar ba. Tangarɗa na iya shekaru a kwance ba wanda ya sani. Wannan kuwa ana iya nuna facin da ya jawo ta. Da git bisect, wani umarni na manhajar git mai adana tarihin sauye-sauye, ake farautarsa: a raba jerin sauye-sauyen gida biyu, a gwada na tsakiya, a ce "lafiya" ko "ba lafiya", a sake rabawa. Ko sun kai dubu 10, gwaji kamar 14 ya isa. In an gyara, sai a sa layin "Fixes:" a bayanin facin gyaran, ɗauke da lambar facin mai laifin, don masu kula da tsofaffin fitowa su san inda za su kai gyaran.

Wasu sun kawo "dawowar matsala". Ban yarda ba, domin galibi matsalar sabuwa ce fil, ba ta taɓa zuwa ba balle ta dawo. "Ɓarna bayan gyara" ta kama ma'ana, amma ta yi tsawo ga mai rubuta rahoto kullum.

Ni na tsaya a kan "koma-baya". An ce ai ta labaran tattalin arziki ce. To, hakan ma ya fi, tunda kowa ya san ta: da ana gaba, yanzu an ja baya. Ku gwada ta a baki (direba a nan manhajar da ke sarrafa wani sashe na injin ce): "An samu koma-baya a direban sauti." "Wane faci ne ya jawo koma-bayan?" Wanda ke da wadda ta fi, ya saka ta a jimlolin nan biyu mu ji.