Shin bugu na ƙiftawar ido zai iya nuna inda kabaid ɗin ƙarfe ke narkewa?

Injiniyan ƙarafa: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne babu hanyar da ta kai gwajin bugu aminci wajen gano matsin da kabaid ɗin ƙarfe, wato Fe3C, haɗin ƙarfe da kabon, yake narkewa a kansa. Ana harba faranti daga bindigar iskar gas ya bugi samfurin kabaid ɗin, ko a daki samfurin da hasken leza, matsi da zafi su hau tare, sannan a auna gudun sauti a cikinsa. Da zarar ya narke sai gudun ya faɗi, domin narkakken abu ba ya da taurin da daskararre yake da shi. Da wannan dabarar masana Brown da McQueen suka nuna a 1986 cewa tsantsar ƙarfe yana narkewa a wajajen gigapaskal 240 (gigapaskal ma'aunin matsi ne).

Malamar ilimin ƙasa: Wa alaikumus salam, Injiniya. Tsantsar ƙarfe daban, kabaid daban. Idan matsi ya yi yawa, Fe3C ba ya narkewa gaba ɗaya, rabuwa yake yi zuwa ruwan ƙarfe da wani daskararre mai suna Fe7C3 wanda ya fi shi kabon, kuma rabuwar tana buƙatar ƙwayoyin zarra su sauya wuri. Bugun bindiga kuwa bai fi kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba, na leza ma ya fi shi gajarta nesa ba kusa ba. Samfurin na iya wuce zafin narkewarsa alhali bai samu sararin narkewa ba.

Ɗalibi: Malama, a gafarce ni, me ya sa aka damu da kabon musamman?

Malamar ilimin ƙasa: Tun 1952 Francis Birch ya nuna cewa cibiyar duniya ba ta kai tsantsar ƙarfe nauyi ba, a ɓangarenta na ruwa giɓin ya kusa kashi 10 cikin 100, don haka dole akwai sinadarai marasa nauyi a ciki, kuma kabon na cikin waɗanda ake zato. A 1993 Bernard Wood ya kawo shawarar cewa wataƙila Fe3C ne ya daskare a can tsakiya.

Injiniyan ƙarafa: To Malama, mene ne madadin? Matse samfuri tsakanin lu'ulu'u biyu? Ai lu'ulu'un shi kansa kabon ne, kuma idan aka zafafa ƙarfe a jikinsa yakan shiga cikin samfurin, ya ɓata ainihin abin da ake aunawa.

Malamar ilimin ƙasa: Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai bugu guda yana bin hanya ɗaya ce ta matsi da zafi, yana ratsa layin narkewa a wuri ɗaya kawai, kuma ba lallai wurin ya dace da matsin da ake nema ba, wato na iyakar daskararriyar cibiyar duniya, wadda take a gigapaskal 330, zurfin kilomita 5,150. Shi zafin ma da wuya a auna shi kai tsaye, tunda haske ba ya ratsa ƙarfe. Sau da yawa lissafa shi ake yi.

Injiniyan ƙarafa: Na janye kalmar "babu hanyar da ta kai", amma maganar gudun sauti ina nan a kanta.