Yaya zan tsara manhajar da za ta sa ɗabi'a ta zauna wa mutum?

Mai Koyon Manhaja:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina haɗa wata manhaja ta wayar Android wadda za ta taimaka wa mutane su ɗore a kan ƙananan ayyuka na yau da kullum, irin su karanta shafi biyu na littafi, da tattaki na minti ashirin, da shan maganin hawan jini a kan lokaci. Tsarin da na zana shi ne wanda aka saba gani: mutum ya zaɓi aikin, ya sa lokaci, waya ta tunatar da shi, idan ya yi ya danna alama, manhajar kuma ta riƙa ƙirga masa kwanakin da ya jera ba fashi, har ya kai kwana 21 a ba shi lambar yabo. Abin da ke damuna shi ne, waɗanda na ba su gwada sun fara da zumuɗi, amma da zarar mutum ya yi fashin rana ɗaya ƙirgen ya koma sifili, sai ya daina buɗe manhajar gaba ɗaya. Shin in ƙara yawan tunatarwa da maki ne, ko kuwa matsalar tana can tushen tsarin?

Malamin Halayya:

Wa alaikumus salam. Malam, matsalar a tushe take, kuma abu na farko da zan roƙe ka shi ne ka cire kwana 21 ɗin nan. Adadin ya samo asali ne daga Maxwell Maltz, wani likitan fiɗa na gyaran jiki a Amurka, wanda ya rubuta a shekarar 1960 cewa majinyatansa kan ɗauki aƙalla kwana 21 kafin su saba da sabuwar kamarsu. Abin da ya lura da shi a asibiti ne kawai, ba gwaji ya yi a kan ɗabi'a ba, amma masu laccar ƙarfafa gwiwa suka yi ta yaɗa shi har ya zama kamar doka.

Gwajin da ya kamata ka jingina da shi shi ne na Phillippa Lally da abokan aikinta a jami'ar UCL ta Landan, waɗanda suka bi mutum 96 har tsawon mako 12, kowa da aikin da ya zaɓa ya riƙa yi sau ɗaya a rana. Tsaka-tsakin lokacin da aikin ya ɗauka kafin ya zame wa mutum jiki kwana 66 ne, sai dai tazarar da ke tsakanin mutane tana da faɗi ƙwarai, daga kwana 18 har zuwa 254, kuma abu mai sauƙi kamar shan ruwa ya fi motsa jiki saurin kamawa. Sakamakon da ya fi shafarka shi ne sun ga fashin rana ɗaya bai ɓata ginuwar ɗabi'ar ba. Ashe ke nan manhajarka tana hukunta mutum a kan abin da bai yi masa illa ba, tana gaya masa cewa wahalar wata guda ta tashi a banza alhali ba ta tashi ba.

Ƙara tunatarwa ma ba zai fitar da kai ba. A shekarar 2015, Katarzyna Stawarz da Anna Cox da Ann Blandford sun duba manhajoji 115 na gina ɗabi'a, suka tarar yawancinsu a kan ƙirge da tunatarwa suka tsaya. A gwajin da suka yi, tunatarwa ta sa mutane sun maimaita aikin, amma ta rage masa zama jiki, domin mutum ya koma jiran ƙarar waya. Waɗanda suka ɗaura aikin a kan wani abin da suke yi dama, su ne aikin ya fi kama su. Wannan ya yi daidai da abin da Peter Gollwitzer ya nuna tun 1999, cewa ƙudurin da ya fayyace yaushe da ina ya fi ƙudurin “zan riƙa yi” cika.

Saboda haka kada allon farko ya tambayi mutum ƙarfe nawa. Ya tambaye shi bayan me. Mu kuwa a wannan fanni mun yi sa'a, domin ranar mafi yawan mutanenmu a yanke take da salloli biyar, kuma ba wanda ke buƙatar manhaja kafin ya san an idar da Magariba. Jimla irin “bayan na dawo daga sallar Asuba, kafin in taɓa waya, zan karanta shafi biyu” ta fi ƙararrawar ƙarfe shida ƙarfi nesa ba kusa ba. Kuma ka hana mutum farawa da babban aiki ko da ya nace. Hadisin Nana A'isha da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, duk masu amfani da manhajarka sun san shi, don haka ba za ka sha wahalar gamsar da su ba.

Injiniya Ɗan Tasha:

Na yarda da yawancin abin da Malam ya faɗa, amma ban yarda a zubar da ƙirgen kwanaki baki ɗaya ba. Manhajar Duolingo ta riƙe ɗimbin masu koyon harshe da shi, sai dai ita ma ta gane haɗarinsa, shi ya sa ta ba mutum damar daskarar da ƙirgensa, wato ya tsaya inda yake kada ya koma sifili, idan ya yi fashi. Ni da zan ba ka shawara, ka nuna wa mutum kwana nawa ya yi a cikin talatin ɗin da suka wuce, domin wanda ya ga 24 cikin 30 zai ji ya yi ƙoƙari, wanda kuwa ya ga sifili bayan kwana 24 zai ji an zalunce shi.

Akwai kuma abin da zai sa ka rage dogaro da tunatarwa ko kana so ko ba ka so, wato ita wayar kanta. Tun daga Android 6 a shekarar 2015 aka shigo da tsarin da ke sa waya barci don adana caji, wanda ke jinkirta ayyukan manhajojin da ba a buɗe ba. Daga Android 13 sai mutum ya amince kafin manhaja ta aiko masa da sanarwa, sannan daga Android 14 ba a ba yawancin sababbin manhajoji izinin buga ƙararrawa a daidai minti sai mai wayar ya ba su da kansa. Ban da wannan, kamfanonin waya da dama suna ƙara nasu tsarin adana batir wanda ke kashe abin da ke aiki a ɓoye. Don haka ka yi gwajinka a kan ƙananan wayoyin Tecno da Infinix da itel da ke hannun jama'a, kada ka tsaya ga wayarka mai tsada. Ka sa komai ya yi aiki ba tare da data ba, har da lissafin lokutan salla, wanda waya za ta iya yi da kanta idan ta san garin da mutum yake. Bayanan mutane ma ka bar su a wayoyinsu, musamman tunda akwai zancen magani, domin dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa.

Ma'aikaciyar Jinya:

Ɗan'uwa, ina so ka raba shan magani da sauran ayyukan. Wanda ya manta karatu yau zai rama gobe, amma mai hawan jini ko ciwon suga ba a so ya yi fashi, saboda haka a nan ka haɗa biyun, a ɗaura maganin a kan karin kumallo ko wani abu makamancinsa, a kuma bar tunatarwar tana nan ba a janye ta ba.

Shawarar Malam ta salla tana da kyau, amma da alama da maza ya yi lissafi. Mace tana da kwanakin da ba ta salla a kowane wata, ga kuma na bayan haihuwa, kuma idan salla kaɗai ce madogarar aikin, to a waɗannan kwanaki zai rasa abin da zai rataya a kai. Ga kuma 'yan'uwanmu Hausawa Kiristoci, da masu aikin dare irinmu waɗanda safiyarsu ba ta kowa ba ce. Ka jera wa mutum zaɓi da yawa, kamar bayan yara sun tafi makaranta, ko bayan an sauke tukunyar dare, ko bayan an rufe shago, kuma ka bar shi ya rubuta nasa. Ka tuna da azumi ma, lokacin da cin abinci da barci duk suke sauya wuri. Wendy Wood da abokan aikinta sun nuna a 2005 cewa ɗaliban da suka sauya jami'a ɗabi'unsu na motsa jiki da karanta jarida sun warware a inda yanayin da suka saba yin su ya canza. Ya kamata manhajar ta tambayi mutum kafin Ramadan, ko idan ya yi tafiya, a kan me zai ɗaura aikin yanzu.

Idan za ka sa mutane su riƙa ganin juna, ka yi shi kamar adashi, mutum huɗu ko biyar da suka san juna, kowa na jin nauyin kowa. Allon da ke jera sunayen baƙi daga na ɗaya zuwa na ɗari ba ya ƙara wa na ƙasa komai sai karaya, kuma wanda ya zaɓi tilawa ko nafila ba zai so a baje aikinsa a gaban jama'a ba, don gudun riya.

Mai Koyon Manhaja:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Saura abu ɗaya, Malam: idan na cire kwana 21, da me manhajar za ta gane cewa ɗabi'a ta kafu, har ta san lokacin rage tunatarwa?

Malamin Halayya:

Kafin in amsa, gyaran Malama a kan mata daidai ne, ka ɗauke shi yadda ta kawo shi. Amsar tambayarka kuwa ita ce ka tambayi mutumin. Masu bincike suna da ma'auni mai tambaya 12 wanda Bas Verplanken da Sheina Orbell suka fitar a 2003, daga baya Benjamin Gardner da abokansa suka tace guda huɗu daga ciki a 2012, waɗanda duk suke kewaya abu ɗaya, wato ko mutum yana yin aikin ba tare da ya tsaya tunani ko ya tuna wa kansa ba. Ka sa manhajar ta yi waɗannan tambayoyi sau ɗaya a mako da Hausa mai sauƙi. Idan amsoshin suna hawa, ta janye tunatarwa sannu a hankali, daga kullum zuwa bayan kwana biyu, zuwa sau ɗaya a mako, idan kuma suka sauka ta dawo da ita ba tare da faɗa ko jan kunne ba.

Ka shirya wa abu guda tun yanzu: idan tsarin ya yi aiki, mutumin da aikin ya zame masa jiki zai rage buɗe manhajar, alƙaluman masu shiga kullum kuma za su sauka. Idan da talla kake shirin samun kuɗi, wannan zai ja ka zuwa ga riƙe mutane a kan allo, don haka gara ka sa kuɗin a kan buɗe aiki na biyu da na uku bayan na farko ya kafu.