Idan dagwalon kamfani ya shigo unguwa: abin da na tsinta a zamanmu

Toh jama'a, ga abin da na riƙe daga zaman da muka yi kan ruwan kemikal ɗin da masana'antun fata ke saki wajen Challawa da Sharada a Kano. Lauyan da ke cikinmu ya ce kotu ba ta aiki da "wallahi mun sha wahala", hujja take so, don haka a je asibiti a aje kati da sakamakon gwaji, a ɗau hoto da bidiyo da kwanan wata, a kai ruwan rijiya lab a duba ko akwai sinadarin kuromiyom ɗin da ake jimar fata da shi.

Sai a rubuta wa NESREA, wato hukumar kare muhalli ta tarayya, ƙorafi, ita aka kafa a 2007 don irin wannan, a bar kwafin takardar a hannu. Ƙara kuma gara a haɗu a shigar da sunan unguwa, kuɗin lauya ya fi sauƙi, amma kar ai ta jan ƙafa don doka na da wa'adi.

Inda aka fi ja shi ne kuɗin sulhu, wasu suka ce a karɓa kawai. Ni dai ban yarda mutum ya sa hannu a takardar da lauya bai karanta ba, sau da yawa yafe ƙara ce a ciki, ciwon kuma sai daga baya yake fitowa.